Barack Obama a Majalisar Dattawan Jihar Illinois, 1997 zuwa 2004: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin mutane sun fara jin sunan Obama ne daga 2004. Kafin nan ya shafe kusan shekara takwas yana sanatan jiha, yana zirga-zirga tsakanin Chicago da Springfield, babban birnin jihar Illinois inda majalisar ke zama. Ga amsoshin abubuwan da aka fi tambaya game da wannan zango na siyasarsa.

Wai akwai sanata a jiha? Ba a tarayya kaɗai ake da shi ba?

A Najeriya haka ne. Sanata na Abuja ne, su 109, uku daga kowace jiha da ɗaya na babban birnin tarayya, ita kuwa jiha majalisar dokoki ɗaya tal gare ta. A Amurka jihohi 49 cikin 50 majalisa biyu suke da ita, ta wakilai da ta dattawa. Nebraska ce kaɗai mai majalisa ɗaya, kuma 'yan majalisarta 49 duk sanatoci ake ce musu.

Sanatan jiha ba ya zuwa Washington, ba ruwansa da yaƙi ko jakadu ko kasafin tarayya. Hurumin aikinsa shi ne dokokin laifuffuka, 'yan sanda, makarantu, asibitoci, harajin jiha da kasafinta. Dattawan da suka tuna Jamhuriya ta Farko za su ce ai Arewa ma ta taɓa yin majalisa biyu a Kaduna, ta wakilai da ta sarakuna. Gaskiya ne, sai dai waccan ta biyun ba da ƙuri'ar jama'a ake shigarta ba.

Yaya tsarin majalisar Illinois yake?

Sanatoci 59, wakilai 118. Kowace mazaɓar sanata an raba ta gida biyu, kowane gida da wakilinsa. A ƙidayar 2000 sanata ɗaya yana wakiltar mutum kimanin 210,000. Sharaɗin tsayawa: ɗan ƙasa, mai shekara 21, wanda ya yi shekara biyu a mazaɓar.

Wa'adin yana rikita mutane. Bayan kowace ƙidaya ana kasa mazaɓun kashi uku, a yi musu wa'adi uku a cikin shekara goma: wasu 2, 4, 4, wasu 4, 2, 4, wasu 4, 4, 2. Shi ya sa aka zaɓi Obama a 1996 na shekara biyu kawai, ya sake tsayawa a 1998 ya samu huɗu, sannan ya koma a 2002 ba hamayya.

Aikin ba ya cin shekara duka. Babban zama daga Janairu ne zuwa ƙarshen Mayu, sai ɗan gajeren zama wajen Nuwamba don duba ƙudirorin da gwamna ya ƙi. Saboda haka ya ci gaba da koyar da dokar tsarin mulki a Jami'ar Chicago da kuma aikin lauya, alhali yana sanata.

Ta yaya ya samu kujerar?

Mazaɓa ta 13, a kudancin Chicago, ta haɗa da unguwarsa Hyde Park. Mai riƙe da ita a lokacin Alice Palmer ce. A 1995 kujerar majalisar wakilai ta tarayya ta faɗi babu kowa bayan Mel Reynolds ya yi murabus, Palmer ta fita nema, ta kuma mara wa Obama baya ya gaje ta. A zaɓen fidda gwani na Nuwamba Jesse Jackson ƙarami ya kayar da ita. Sai ta dawo tana son kujerarta. Obama ya ƙi janyewa.

Abin da ya raba gardamar ba ƙuri'a ba ce, sa hannu ne. Kafin sunan ɗan takara ya hau takardar zaɓe sai ya kawo sa hannun masu rajista a mazaɓar, a wannan karon 757. Mutanen Palmer sun tattara nasu cikin gaggawa. Magoya bayan Obama suka zauna a hukumar zaɓen Chicago suna bin takardun layi-layi: wannan ba shi da rajista, wannan a wata mazaɓar yake zaune, wannan an rubuta suna ne maimakon sa hannu. Da aka gama tankaɗe, abin da ya rage mata bai kai adadin ba, ta janye a Janairun 1996. Sauran 'yan takara uku ma haka aka yi musu. Ya shiga fidda gwani shi kaɗai, ya ci babban zaɓe da kashi 82 cikin ɗari, aka rantsar da shi ranar 8 ga Janairu, 1997.

Bai saɓa wa doka ba, kuma tsohuwar dabara ce a siyasar Chicago. Amma ta bar masa gaba da wasu 'yan majalisa baƙaƙen fata da ke ganin girman Palmer, sun daɗe suna yi masa kallon ɗan boko mai rawar kai.

Wace hanya ƙudiri ke bi kafin ya zama doka a can?

Sai an fahimci wannan kafin a iya auna kowane sanata. Da farko ofishin rubuta dokoki na majalisa ya tsara ƙudirin, a ba shi lamba, a yi masa karatu na ɗaya. Daga nan ya tafi wani ƙaramin kwamiti mai rabon aiki, wanda shugaban majalisa ke juyawa. Nan ne maƙabartar ƙudirori: in bai miƙa shi ga kwamitin da ya dace ba, shi ke nan, ba muhawara, ba ƙuri'a.

In ya tsallake, kwamiti ya saurari masu goyon baya da masu suka. A karatu na biyu ake kawo gyare-gyare a zaure, a na uku ake kaɗa ƙuri'a. Tsarin mulkin jihar na 1970 ya wajabta karatun uku su kasance a ranaku uku daban-daban. Ana bukatar ƙuri'a 30 a dattawa, 60 a wakilai, komai yawan waɗanda suka halarta. Majalisa ta biyu ita ma ta bi duk matakan, in ta taɓa ko kalma ɗaya sai ya dawo a amince da gyaran.

Gwamna yana da kwana 60. In bai ce komai ba, ya zama doka. In ya hau kujerar na-ƙi, sai da kashi uku cikin biyar za a tsallake shi, wato 36 a dattawa da 71 a wakilai. Yana kuma da ikon mayar da ƙudiri tare da gyaran da yake so, ko ya rage kuɗi a kasafi.

Tarkuna biyu sun fi kama mutane. Duk abin da aka zartar bayan 31 ga Mayu, in ana so ya fara aiki nan take, shi ma sai da kashi uku cikin biyar, don haka marasa rinjaye ke ƙara daraja da zarar Yuni ya kama. Na biyu, ƙudiri dole ya tsaya kan batu ɗaya. In aka cusa masa tarkace, kotu na iya rushe dokar gaba ɗaya ko bayan shekaru ne.

Me ya sa shekarunsa shida na farko ba su da yawan dokoki?

Jam'iyyarsa ta Democrat ce marar rinjaye. Shugaban majalisa James Philip ɗan Republican ne mai riƙe da linzami da ƙarfi, kuma ƙudirorin 'yan adawa ba safai suke fita daga kwamitin rabon aiki ba. Ɗan adawa hanya biyu gare shi: ko ya yi ta gabatar da abin da ya san ba zai wuce ba don a ji muryarsa, ko ya nemi ɗan rinjaye su haɗa suna. Obama ya yi duka biyun. Ya nemi a rubuta haƙƙin kula da lafiya a tsarin mulkin jihar, bai je ko'ina ba. A ɗaya ɓangaren ya yi aiki da 'yan Republican kan sauya tsarin tallafin marasa galihu a 1997, da kuma rangwamen haraji ga ma'aikata masu ƙaramin albashi a 2000, wanda aka sa shi kashi 5 cikin ɗari na irin wanda tarayya ke bayarwa.

Mece ce dokar hana kyaututtuka ta 1998?

Ita ce babban abin da ya samu yana ɗan adawa. Illinois ta yi ƙaurin suna wajen sakaci da kuɗin siyasa, har ɗan majalisa kan iya sayen mota ko biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa da kuɗin kamfe. Tsohon sanatan tarayya Paul Simon ya haɗa wani ƙaramin rukuni, mutum ɗaya daga kowane ɓangare na majalisun biyu. Emil Jones, jagoran 'yan Democrat a dattawa, ya tura Obama. Ɗan Republican Kirk Dillard ya wakilci nasu ɓangaren.

Dokar ta hana karɓar yawancin kyaututtuka daga masu kamun ƙafa, ta hana kashe kuɗin kamfe a kan bukatun kai, ta taƙaita taron tara kuɗi a Springfield lokacin zaman majalisa, ta kuma sa a riƙa shigar da bayanan masu ba da gudummawa ta kwamfuta yadda kowa zai gani a intanet. Gwamna Jim Edgar ya rattaba hannu a wannan shekarar.

Rauninta a bayyane yake. Ba ta ƙayyade yawan kuɗin da mutum ko kamfani zai iya bayarwa ba. An kuma bar wa tsofaffin 'yan majalisa ƙofa: abin da ke asusunsu kafin tsakiyar 1998 suna iya cin abinsu. Da wannan sassaucin aka sayi ƙuri'unsu.

An ce ya taɓa faɗuwa zaɓe yana kan kujerar?

Ya faɗi, mummunar faɗuwa ma. A Maris 2000 ya ƙalubalanci Bobby Rush a fidda gwanin majalisar wakilai ta tarayya, Rush ya samu kashi 61, shi kuma 30.

Wani abu da ya faru a majalisar jiha ya ƙara masa ciwo. A Disamban 1999 kotun ƙolin jihar ta rushe wata dokar tsaron unguwanni mai tsaurara hukuncin ɗaukar bindiga, saboda ta karya ƙa'idar nan ta batu ɗaya. Gwamna George Ryan ya kira zaman gaggawa a sake zartar da ita. Ranar ƙuri'a Obama yana Hawaii, ya ce 'yarsa, wadda take ƙarama a lokacin, ba ta da lafiya. Ƙudirin ya faɗi, jaridu da abokan takara suka yi masa ca. Kujerarsa ta jiha dai ba ta cikin zaɓen shekarar, don haka ya koma bakin aikinsa.

Me ya sauya a 2003?

Taswira. Bayan ƙidayar 2000 majalisa ta kasa daidaitawa kan shata iyakokin mazaɓu, kwamitin mutum takwas da aka kafa shi ma ya rabu huɗu da huɗu. A irin wannan hali tsarin mulkin jihar ya ce a zaro ɗaya cikin sunaye biyu bisa sa'a don samun na tara. A 2001 aka zaro suna daga cikin hula irin ta Abraham Lincoln, ya faɗa kan ɗan Democrat. Su suka zana taswira, suka ci majalisar dattawa a 2002, suka kuma samu gwamna, Rod Blagojevich. Mazaɓar Obama ma an ja ta arewa ta bakin tafkin Michigan, ta haɗe tsakiyar birni da unguwannin masu hannu da shuni, abin da ya amfane shi wajen tara kuɗi daga baya.

Emil Jones ya zama shugaban majalisa, Obama ya zama shugaban kwamitin lafiya da jin daɗin jama'a. Kusan duk dokokin da ake tuna shi da su a wannan shekara da mai bi mata aka yi su.

Wace doka ce ta fi nauyi a cikinsu?

Dokar naɗar tambayoyin da 'yan sanda ke yi wa wanda ake zargi da kisa. Tushenta: daga 1977 zuwa 2000 Illinois ta zartar da hukuncin kisa kan mutum 12, amma ta saki 13 da aka yanke wa kisa daga baya aka gano ba a yi musu adalci ba. Wasu cikinsu an tilasta musu amsa laifi ne, ga kuma zargin azabtarwa da ya dabaibaye wani kwamandan 'yan sandan Chicago, Jon Burge. Gwamna Ryan ya dakatar da kisa a Janairun 2000, sannan a Janairun 2003, yana dab da sauka, ya sassauta wa mutum 167.

Yadda dokar ke aiki: in an tsare mutum a ofishin 'yan sanda kan kisa, sai a naɗi tambayoyin tun daga farko, ba amsa laifin ƙarshe kaɗai ba. Bambancin nan shi ne ƙashin bayanta, domin matsin lamba a sa'o'in farko ake yin sa, kafin a kunna kyamara. Bayanin da ba a naɗa ba, asali kotu ba za ta karɓe shi ba, sai mai gabatar da ƙara ya nuna da son rai aka yi shi kuma abin dogara ne.

'Yan sanda da masu gabatar da ƙara sun ƙi da farko, sabon gwamnan ma bai so ba. Obama ya yi ta zama da su yana rage musu abin tsoro: aka yarda da naɗar murya in babu bidiyo, aka keɓe inda na'ura ta lalace, ko wanda ake zargi ya ƙi a naɗe shi, ko ya faɗi magana da kansa ba a tambaye shi ba, aka kuma ba da shekara biyu a sayi kayan aiki a horar da jami'ai. Ta wuce majalisar dattawa ba wanda ya ƙi, aka sa hannu a Yulin 2003, ta fara aiki a 2005. Illinois ce jiha ta farko da majalisa ta wajabta haka, a Alaska da Minnesota kotu ce ta yi umarni. Masu suka na cewa keɓance-keɓancen sun yi yawa, kuma da gaskiyarsu, amma ba don su ba da ƙudirin bai fita ba. Shi kansa Obama bai nemi soke hukuncin kisa ba. Sai a 2011 jihar ta soke shi.

Dokar tsayar da direbobi fa?

Baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka sun daɗe suna kukan an fi tsayar da su a hanya. Dokar 2003 ba ta ƙirƙiri wani sabon hukunci ba, ƙidaya ta kawo. Duk ɗan sandan da ya tsayar da mota sai ya rubuta launin fatar direba yadda ya gani, dalilin tsayarwa, wuri da lokaci, da ko an yi bincike. Ana tura bayanan ma'aikatar sufuri ta jiha, ta fitar da rahoto duk shekara. An fara a 2004 a matsayin gwaji na 'yan shekaru, aka yi ta tsawaitawa har ta zauna daram. Matsalarta ita ce da wa za a kwatanta: mazauna gari ko masu wucewa ta hanyar? Alƙaluman binciken mota sun fi na tsayarwa ƙarfin hujja, saboda a nan an san adadin waɗanda aka tsayar.

A fannin lafiya me ya yi?

Ya ɗauki nauyin faɗaɗa KidCare, inshorar yaran masu ƙaramin ƙarfi, inda aka ɗaga iyakar samun iyali daga kashi 185 zuwa 200 cikin ɗari na ma'aunin talauci, da shirin da ke ɗaukar iyayensu. Ya kawo dokar da ta sa asibitoci bayyana yawan ma'aikatan jinya da yawan cututtukan da majinyata ke kamuwa da su a kwance. Ya kuma jagoranci haramta sayar da ephedra, maganin rage ƙiba da ƙara kuzari, bayan mutuwar wani ɗalibi ɗan wasa, Illinois ta riga sauran jihohi. Babban burinsa na inshora ga kowa kuwa, kamfanonin inshora suka matsa, abin da ya fito a 2004 kwamitin nazari ne kawai.

Mene ne batun ƙuri'ar "ina nan"?

A teburin kowane sanata maɓalli uku ne: kore na amincewa, ja na ƙi, rawaya na "ina nan". Tunda sai da ƙuri'a 30 ƙudiri ke wucewa, rawaya daidai take da ja a sakamako, bambancin a takarda ne kawai. Obama ya danna ta kusan sau 130 cikin ƙuri'u kimanin 4,000, kuma 'yan hamayyarsa sun yi ta jifansa da wannan a 2008, lokacin da yake neman shugabancin ƙasa.

Ba duka ne iri ɗaya ba. Wasu jam'iyya ce ta umarci kowa ya danna, a matsayin ciniki kan kasafi. Wasu ya ce manufar ta yi amma rubutun ya saɓa wa tsarin mulki. Na ƙudirorin zubar da ciki, masu goyon bayan 'yancin hakan a jihar sun ce dabara ce da aka tsara tare, don a ba 'yan majalisar da ke tsoron mazaɓunsu mafaka. Akwai kuma 'yan wurare da shi kaɗai ko da mutum ƙalilan ya danna, kan batutuwa masu zafi. A nan mai cewa kauce wa ɗaukar matsayi ya yi bai yi ƙarya ba.

Dokokin nan nasa ne, ko ba shi aka yi?

Duka biyun. Jones ya san Obama na neman sanatan tarayya, ya kuma riƙa danƙa masa ƙudirori masu jan hankalin jaridu. Wasu cikinsu wasu ne suka yi shekaru suna ɗauke da su lokacin adawa. Rickey Hendon, wanda ya daɗe kan batun tsayar da direbobi, ya fito fili ya yi ƙorafin an ƙwace masa wahalarsa. Abin da ba a musu kuwa shi ne zaman sasantawa da 'yan sanda da 'yan Republican, Obama ne ya yi shi, kuma shi ya sa ƙuri'un suka zo da yawa haka.

Ta yaya zan duba tarihin da kaina ba tare da an ruɗe ni ba?

Shafin majalisar jihar na intanet yana ajiye tsofaffin zama. Nasa huɗu ne: na 90 (1997 da 1998), na 91, na 92, da na 93 (2003 da 2004). Ga inda ake yawan zamewa.

Ana cewa ya ɗauki nauyin ƙudirori sama da 800. Wannan adadi ya haɗa da inda shi ne jagora da inda ya ƙara sunansa kawai, abin da ba ya cin minti ɗaya. Nemi wanda sunansa ke farko. Kar ka tsaya a taken ƙudiri, domin akwai na fanko da ake gabatarwa ba komai a ciki, a cika su da gyara a kwanakin ƙarshe, wani lokaci ma a kwashe duk abin da ke ciki a zuba wani. Karanta rubutun ƙarshe. Duba ko ƙuri'ar ta gyara ce, ta kwamiti, ko ta karatu na uku, don mutum kan ƙi a ɗaya ya yarda a wata. Sannan ka tabbatar an ba shi lambar doka, wadda ke farawa da lambar zaman majalisar. In babu ita, bai zama doka ba, komai yawan labarin da aka buga a kansa.

Jawabinsa na ƙin yaƙin Iraƙi a majalisar ya yi shi?

A'a. A wani gangami ne a tsakiyar Chicago, ranar 2 ga Oktoba, 2002. Sanatan jiha ba shi da ƙuri'a kan yaƙi.

Yaushe ya bar kujerar, wa ya gaje shi?

Ya ci fidda gwanin sanatan tarayya a Maris 2004, ya yi jawabin babban taron jam'iyya a Boston a Yuli, ya doke Alan Keyes da kashi 70 cikin ɗari a Nuwamba, ya ajiye kujerar jiha ranar 4 ga watan. A Illinois ba a yin zaɓen cike gurbi nan take a irin wannan, shugabannin jam'iyyar mai kujerar a mazaɓar ne ke naɗa magaji. Suka naɗa Kwame Raoul, lauya ɗan baƙin da suka zo daga Haiti, wanda ya riƙe mazaɓa ta 13 har zuwa Janairun 2019, lokacin da ya zama babban lauyan jihar.